Ra'ayinmu: Gwanjon Intanet, Jarinsa Amana

A 'yan kwanakin nan, duk inda ɗalibai suka zauna, hirar gwanjon intanet ake yi: a ɗauki hoton waya ko tsohuwar kwamfuta a saka, masu so su yi ta tayi, wanda tayinsa ya fi tsoka ya ɗauka. Ba ma ƙyamar wannan sana'a; ta fi zaman jiran aikin gwamnati. Amma akwai abin lura.

Sa'ad da Pierre Omidyar ya kafa kasuwar da ta zama eBay a Amurka cikin 1995, ya sayar da wata 'yar fitilar nuni da ta lalace a kan dala 14.83. Bai ɓoye aibinta ba, har ya sake tuntuɓar mai sayen domin ya tabbatar ya gane ba ta aiki.

Wannan shi ne darasin. Mai saye daga nesa bai ga kaya ba, bai taɓa ba. Maganarka kaɗai ya riƙe. Abin takaici, wasu daga cikinmu na ɓoye aibi, wasu kuma na sa abokai tayin ƙarya don farashi ya hau. Wannan shi ne najashi, wanda shari'a ta haramta tun da daɗewa, ita ma eBay ta hana shi.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwanmu ɗalibai: ku faɗi aibin kaya, ku aika a kan lokaci, kada ku taɓa kuɗin makaranta don jari. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya ci amana don ribar kwana ɗaya, ya sayar da sunansa da arha.