Masu Gini A Gida Su Kula Da Bututun Gas

Tun daga watan Mayu na 2023 da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, tsadar makamashi ta taɓa kowane gida. Kananzir ya daɗe da fin ƙarfin talaka, gawayi da itace kuma sai ƙara kuɗi suke yi. Saboda haka a Unguwar Tudun Wada da ke Ƙaramar Hukumar Chanchaga cikin birnin Minna, tukunyar gas ta shiga gidaje da yawa. Wasu 'yan unguwar da ke neman abinci a Legas da Ibadan da Fatakwal su ne ke aika kuɗin sayenta, wasu kuma suna gini a gida, suna son a ja musu bututu har cikin kicin kamar yadda suka gani a kudu. Wannan niyya ce mai kyau, to amma yadda ake aikin yana da ban tsoro.

Da farko dai, a bambance gas iri biyu. Wanda aka shirya babban bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano domin ɗaukarsa, watau aikin kilomita 614 da aka ƙaddamar a watan Yuni na 2020 wanda ya ratsa Jihar Neja, gas ne na ƙarƙashin ƙasa da ya fi iska sauƙi, in ya tsiyaya sama yake tashi. Masana'antu da tashoshin wutar lantarki aka yi wa tanadinsa tukuna. Na cikin tukunya kuwa, wanda matan Tudun Wada ke girki da shi, ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, ya bi lambatu, ya taru a lungu ko ƙarƙashin gado yana jiran ashana. Wanda bai san wannan ba, bai cancanci a ba shi aikin bututu ba.

Ga inda matsalar take. Mai gida yana Agege ko Mile 12, ya turo kuɗi, ɗan'uwansa ya kira mai gyaran famfo ya ce ya haɗa har da gas. Alhali kuwa ruwa in ya ɗiga, tabarma kawai zai jiƙa. Bututun roba na ruwa bai dace da gas ba ko kaɗan. Na jan ƙarfe ko na ƙarfe da aka yi domin wannan aiki shi ake bukata. Kamata ya yi tukunya ta zauna a waje, a tsaye, cikin inuwa, a ɗan keji mai shan iska, nesa da janareta da bakin masai. A rage yawan mahaɗai, kuma kada a binne mahaɗa cikin siminti inda ido ba zai kai ba. A sa makulli ɗaya kusa da tukunya, wani kusa da murhu, wurin da uwargida za ta kai hannu ba tare da ta ratsa ta kan wuta ba. Kafin a biya ma'aikaci ladansa, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. In kumfa ya taso, aiki bai ƙare ba. Har yanzu akwai masu gwadawa da ashana, Allah ya sawwaƙe.

Bayan an kafa, sai kulawa. Tiyo yakan tsage saboda zafi, ɓera ma yakan ci shi, don haka a riƙa dubawa ana sakewa. Wuta shuɗiya ita ce lafiyayya. In ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta tukunyar miya, murhu na neman gyara. Warin da ake ji, da gangan aka sa shi cikin gas domin gargaɗi. In an ji shi, a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki, a fitar da yara. Har wa yau, ba a cika tukunya maƙil. Ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar saboda gas yana kumbura da zafi, kowa kuwa ya san ranar Minna a watan Maris.

Ba a manta da Sabon Tasha a Kaduna ba, inda shagon sayar da gas ya fashe ranar 4 ga Janairu, 2020, ya halaka mutane, har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya. Mazauna Legas kuma sun ga ta'asar Baruwa a Ipaja cikin Oktoban wannan shekarar. Waɗancan wuraren kasuwanci ne, amma gas ɗin ɗaya ne da na kicin.

Lalle ne hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, da hukumar kula da ingancin kaya ta SON su matsa wa masu ɗura gas a tsakiyar gidajen jama'a, su kuma raba kasuwa da tsofaffin tukwane masu tsatsa. Gwamnatin Jihar Neja ta sa koyar da aikin bututun gas a makarantunta na sana'a, a riƙa ba da takardar shaida. Ƙungiyoyin 'yan arewa da sarakunan Hausawa a kudu su ma su yi wa jama'arsu bayani a wurin taro. Duk mai aika kuɗin tukunya gida, ya haɗa da kuɗin tiyo mai kyau da ladan ƙwararre, kuma ya sa a yi gwajin sabulu a gaban matarsa domin ita ma ta iya.