Mai Sa Lens A Ido, Ya Koma A Duba Shi

A 'yan shekarun nan, da wuya mu je biki a Nima, Mamobi ko Sabon Zango ba mu ga amarya da ƙawayenta idanunsu sun koma ruwan toka ko ruwan zuma ba. Wannan ɗan siririn gilashi da ake mannawa a ƙwayar ido, wanda yara ke kira lens, ya shigo zangonmu ya zauna. Wasu likita ne ya rubuta musu don su huta da tabarau, wasu kuma a shagon kayan kwalliya ko ta waya suka saya. Ba mu zo hana kowa ado ba. Maganarmu ɗaya ce: duk mai sa lens, na gani ko na kwalliya, dole ya riƙa komawa wurin ma'aikacin ido ana duba shi, ko da babu abin da ke damunsa.

Ga dalili. Tantanin da ya rufe baƙin ido ba shi da jijiyoyin jini, daga iska yake samun numfashinsa ta cikin hawaye. Lens kuwa a kansa yake zama. In ya matse, ko ya tsufa, ko an kwana da shi, sai iskar ta ragu, tantanin ya kumbura, ƙananan jijiyoyi su fara kutsawa inda bai kamata ba. Abin tsoron shi ne, wannan ɓarnar takan fara ba zafi, kuma wanda ya daɗe yana sa lens idonsa kan rage jin ciwo. Mai shi yana ganin lafiyarsa lau, alhali na'urar likita ce kaɗai za ta nuna abin da ke faruwa. A can za a ɗiga wani ruwa mai launin rawaya, a haska ido, a ga ƙarzuwar da madubin ɗaki ba zai nuna ba, a juya fatar ido a duba cikinta, a ga ko lens ɗin na motsi yadda ya kamata.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Bayan an gwada wa mutum lens karon farko, ya koma cikin mako ɗaya ko biyu. Daga nan kuma aƙalla sau ɗaya a shekara, ko duk lokacin da likita ya sa masa. Ya je da lens ɗin a idonsa, ya riƙe tabaransa da 'yar kwalbar ajiyar, domin ita ma ana so a canja ta duk bayan wata 3.

Mu a zango muna da namu dalilan na daban. Na farko ruwa. Muna alwala sau biyar a rana, ruwanmu kuma sau da yawa na tanki ne ko na galan da ya kwana biyu a ajiye. Akwai wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a ruwa da ƙasa, Acanthamoeba, wadda in ta maƙale tsakanin lens da ido, maganinta kan ɗauki watanni, wani lokaci ma a rasa ganin. Malamanmu sun karantar da mu cewa fuska ake wankewa a alwala, ba cikin ido ba. Saboda haka a rufe ido sosai, a cire lens kafin wanka, a busar da hannu kafin a taɓa shi. Kada a wanke shi da ruwan famfo, ko na leda, balle miyau. Na biyu ƙurar hunturu da hayaƙin gawayi da tozali, duk suna taruwa a kansa.

Na uku, mun raina jan ido. Tun da ciwon Apollo ya ɓulla a ƙasar nan a 1969, duk wanda idonsa ya yi ja sai mu ce Apollo ne, zai wuce. Ga mai sa lens, wannan zato na iya jawo makanta. Gyambo a baƙin ido kan ci wuri cikin kwana ɗaya ko biyu, in ya warke ma ya bar hakiya. Mafi muni shi ne a ruga kemis a sayi maganin ɗigawa ba tare da an duba ba, don wasu magungunan suna kwantar da jan, cutar kuma tana ci a ƙasa. Ruwan sukari da nonon mai jego su ma ba magani ba ne. In an ga ja, ko zafi, ko kwantsa, ko gani ya yi hazo, ko haske na damun ido, a cire lens nan take, a nufi asibiti a ranar, ba gobe ba.

Mun san abin da za a ce: kuɗi, da layin asibiti, da barin sana'a yini guda. Gaskiya ne, babu wanda ya fi mu sanin halin da ake ciki. Amma araha ba ta ado. Wanda ya iya sayen lens da ruwansa kowane wata, ya lissafa kuɗin dubawa cikin farashin tun farko. In ba zai iya ba, tabarau ya fi masa alheri. Ma'aikata kuma ba su yi mana nisa ba. Jami'ar KNUST ta Kumasi da ta Cape Coast suna yaye masu gwajin ido, ga sashen ido na Korle Bu da sauran asibitocin ido a cikin gari.

Iyayenmu da dattawa, nan ne aikinku yake. Yarinya ba za ta saurari takarda ba, amma za ta saurari uwarta. Ku tambaye ta: wa ya gwada miki? Yaushe kika koma? Kina kwana da shi? Kina ara wa ƙawarki? Uwayen biki da masu yi wa amare kwalliya, ku daina sa wa amarya lens ɗin da wata ta sa, ko wanda ba a gwada mata ba. Mu ma a ƙungiya, duk ranar da aka shirya duba ido a unguwa, mu kira matasa, kada mu bar ta ga tsofaffi kaɗai.

Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani kullum. To mu ma mun raina ido ne don kullum muna tare da shi, ga shi kuma ba a sayar da shi a kasuwa. Wanda shekara ta zagayo bai koma ba, ya sa rana cikin wannan watan. Allah Ya bar mu da ganinmu, amin.