A Gwada Ruwan Marmaro Kafin A Ba Lambu

Duk wanda ya zaga bayan gari a Ikko ko Badun da rani zai ga lambunan latas da alayyahu da albasa mai lawashi, kuma da yawa daga masu su 'yan Arewa ne. Wasunsu da marmaro suka dogara, irin wanda ke ɓulɓulowa a gindin tudu. Ruwan garai-garai yake, ga sanyi, saboda haka ba mai zaton akwai aibu a cikinsa. Alhali kuwa abubuwan da ke ɓata ruwan ban ruwa ido ba ya ganinsu.

Na farko gishiri. Wanda ya tashi a ƙasar kanwa ya san farin ɓawon nan da ke fitowa a bakin fangali. A Ikko kuwa, kusa da teku, ruwan gishiri yakan kutsa ta ƙarƙashin ƙasa, musamman da rani. Bisa ma'aunin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1985, ruwan da gishirinsa bai kai miligiram 450 a lita ɗaya ba babu laifi, amma in ya haura 2,000 ɓarna ce babba. Albasa da karas suna cikin masu saurin jigata. Kafin harshe ya ji zartsi, ruwan ya riga ya fi ƙarfinsu. Akwai 'yar na'urar hannu da ke auna wannan nan take.

Na biyu, wanda ya fi muni, ƙazanta ce. Garuruwan Kurmi sun faɗaɗa har sun hau kan tuddan da ruwan ke biyowa, kowane gida da masansa, kuma latas ɗanye ake cinsa. A 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ƙwayoyin da ke nuna bayan gida su wuce 1,000 a mililita 100 na ruwan da ake ba irin wannan ganye. Cutar amai da gudawa ta shigo Ikko a ƙarshen 1970, ta kuma sake ɓarkewa a 2024. Ran da aka ɗora laifinta a kan wani lambu, hukuma ba za ta tsaya tantance mai gaskiya ba, kora za ta yi, kuma baƙon da ba shi da takardar fili shi zai fara kwashe kayansa.

Saboda haka wajibi ne masu lambun da ke shan marmaro ɗaya su haɗa kuɗi su kai ruwan ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa, sau biyu a shekara: ƙarshen rani, da kuma bayan saukar ruwan farko, lokacin da yake wanko datti. A ɗiba a kwalba mai tsabta, a kai a ranar, a kuma adana takardar sakamakon wurin shugaban masu lambu. Su ma ma'aikatun aikin gona na jihohin Kudu ya kamata su turo malaman gona masu jin Hausa, su fassara wa mutane abin da takardar ta ƙunsa.