Masu Fim, Wa Zai Ba Da Labarin Bakin Rugu?

Babban Duhu gari ne a ƙaramar hukumar Safana, yammacin Jihar Katsina, can gefen Dajin Rugu. Matasansa, kamar na Runka da Wagini da Batsari, ba su da gidan silima, amma babu wanda zai ce ba su san fim ba. Mai cajin waya yana nan, kuma da 'yan kuɗi kaɗan zai cika wa yaro waya da fina-finan da zai yi mako yana kallo. To, abin tambaya shi ne, me ake zuba wa yaron nan a ciki?

Saurayi ɗaya, 'yan mata biyu. In an gaji, a juya, budurwa ɗaya, samari biyu. Gidan bene na haya, motar aro, uba mai taurin kai, kishiya mai bin boka, sai kuma a tsallaka lambu a yi ta tsalle-tsalle, a canza tufafi sau biyar cikin waƙa guda. Tun daga Sangaya na 1999 ake ta jan wannan igiya, kuma har yau ba a ji kunyar sakinta ba. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun daɗe da bin diddigi suka nuna yadda ake ɗauko fim ɗin Indiya sukutum, a cire masa sari a sa masa atamfa, a ce wai an ƙirƙira. Daga baya ma masu fassara suka ga wahalar ta yi yawa, suka ɗora muryar Hausa a kan na Indiyan kai tsaye, kasuwa kuwa ta karɓe su. Ai wanda ya sami asali ba ya sayen jabu.

Dubi kuma abin da yaron da ke riƙe da wayar nan ya gani da idonsa. A watan Mayun 2019 an kashe manoma 18 a 'Yargamji ta ƙasar Batsari, har jama'a suka ɗauko gawarwakin suka kai cikin birnin Katsina don masu mulki su gani. A Fabrairun 2020 aka afka wa Tsauwa da Dankar, aka kashe mutum kusan 30. A Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 aka katse layukan waya a Safana da Batsari da maƙwabtansu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Akwai magidancin da ya sayar da gonar gado ya fanshi matarsa, ta dawo ya rasa da wane ido zai dube ta. Akwai manomi da makiyayi da suka yi shekara talatin suna cin tuwo a akushi ɗaya, yau kowa yana tsoron inuwar ɗan'uwansa. Akwai limamin da ya yi sallar jana'iza har ƙafarsa ta gaji. Wane marubucin Bombai ne zai ƙago abin da ya kai wannan nauyi? Amma masu kyamara sun rufe ido, suna can suna neman lambu mai furanni.

Za su ce kasuwa ce, abin da mutane ke so ke nan. Wannan magana ce ta malalaci. Wanda bai taɓa kai wa mutane nama ba, ba shi da bakin cewa gaya suka fi so. Kuma tarihi ya ƙaryata su. Mutumin Katsina ne, Umaru Ɗanjuma Kasagi, ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, wasan da ya tona asirin masu kuɗin da ke lalata 'yan matan makaranta, aka karanta shi a azuzuwa, daga baya aka mai da shi fim. Adamu Halilu ya ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi fim da shi a 1976, labarin bauta da rabuwar uwa da ɗanta, ba rawa ba kwarkwasa. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, da marigayi Ƙasimu Yero sun riƙe gidajen Arewa shekara da shekaru da kayan aikin da yau ko ɗan koyo ba zai karɓa ba. Abin da suke da shi kunne ne. Sun saurari yadda soja ke magana a bariki, da yadda dattijo ke zagi ba tare da ya yi ashar ba, suka kawo shi kamar yadda yake. Ko yaran da ke tashe da azumi, da gemun auduga da tsumma, sun fi wasu daraktocin yau sanin inda ke yi wa gari ƙaiƙayi.

Za su ce babu kuɗi. Majid Majidi na Iran ya yi fim a 1997 a kan yaro da ƙanwarsa da takalmi ƙafa ɗaya rak da suke karɓa-karɓa zuwa makaranta, fim ɗin ya je har zagayen ƙarshe na gasar Oska a Amurka. Takalmi fa! Kuɗin da ake kashewa a hayar otal da ɗinkin 'yar wasa a fim guda ya isa a biya marubuci ya zauna wata uku yana bincike. Amma a masana'antar nan marubuci shi ne ɗan bora, wani lokaci ma sai an isa wurin ɗauka ake tambayar me za a ce.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma daga ƙinta sai ɓata: laifin ba na 'yan fim kaɗai ba ne. Akwai masu wa'azin da ba su da magana a kan fim sai tsinuwa. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Kano a 2001, an yi kame da rufe-rufe bayan abin kunyar 2007, an taso a 2016 har gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa ta ƙasar Bebeji. To, bayan duk wannan, fim ya mutu? Bai mutu ba, waya ya koma, inda babu mai tacewa. Almakashi yana yanke tsiraici, amma ba ya rubuta labari. Matasan da suka haddace Umar Mukhtar na Mustafa Akkad, suka zubar da hawaye a wurin rataye tsohon nan, su ne shaida cewa kyamara tana iya raya zuciya kamar yadda take iya kashe ta. In masu tarbiyya da ilimi suka ƙaurace wa fage, suka bar wa 'yan neman suna, to kada su zo suna kukan abin da aka shuka.

Kuma alamu sun nuna ana iyawa. Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya taɓa siyasa da cin hanci, mutane kuma suka bi shi ba don rawa ba. Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura, shi Nijeriya ta tura gasar Oska a 2024. Ke nan ƙasar Katsina tana ɗaukuwa a kyamara, ba sai an yi ƙaryar Dubai ba.

Saboda haka ɗan'uwa matashi da ke Safana ko Batsari, wanda ya yi sakandare ya yi Islamiyya, yake iya rubuta Hausa da boko da ajami, ba shi da uzurin jiran Kano. Tsofaffin Ruma da suka ji labarin yaƙe-yaƙen Ɗanwaire daga bakin kakanninsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya naɗi muryarsu. Matan da suka yi gudun hijira zuwa cikin Batsari da Dutsin-ma suna nan da abin da suka gani. Littafin rubutu da biro da wayar da ke aljihu sun isa a fara, a nemi izinin mai labari, a sakaya sunansa, a rubuta wasan minti ashirin, a gwada shi a filin makaranta bayan la'asar.