Filin Masu Mota: Kada A Yi Kitso Da Ƙwarƙwata

Wannan wata maganarmu a kan tsohuwar a-kori-kura ce, wadda gidaje da yawa a zangunanmu da ita ake cin abinci, ko Peugeot 504 ce, ko Datsun, ko Toyota Hilux. Injin waɗannan motoci yana da jimiri, bodi ne ke riga shi mutuwa. Mutanen Akra, Tema da Takoradi sun san aikin iskar teku. Ga kuma kayan da muke labta musu: gishirin Ada, takin zamani, ɗanyen kifi, da fitsarin raguna lokacin Layya. Duk abincin tsatsa ne.

Abin da aka saba, in bodi ya huje sai a cika ramin da foti, a goge, a fesa fenti. Wannan kitso ne da ƙwarƙwata. Foti yana shan danshi ta baya, damina ɗaya ko biyu sai ka ga fenti ya kumburo. Ramin da ke ƙarƙashin ƙafar direba kuwa ya wuce maganar kwalliya, domin hayaƙin salansa na iya shigowa ta nan, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

Maganin tsatsa shi ne a yanke ta a sa lafiyayyen ƙarfe. Amma kafin ka kashe ko sidi ɗaya, a shiga ƙarƙashin motar da guduma a bubbuga shasi, musamman inda sifirin na baya yake kamawa. In yana zubar da ɓawo ko yana lotsawa, can za a fara, ko kuma a haƙura da motar.

In za ka sayi ƙofa ko wani ɓangaren bodi na hannu a Abossey Okai ko Suame, tafi da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa sosai, foti ne a ɓoye. In kuma faci za a yanko, kaurin farantin ya zo daidai da na motar, wajen milimita 1. Kada a yarda da kwanon rufi, ya cika sirara, kuma hayaƙinsa yana sa wa mai walda zazzaɓi.

Wurin ɗorawa ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ba a yanke tsoho sai sabo ya zo hannu. A aza sabon a kansa, a zana, sannan a yanka har a kai ga ƙarfe mai haske. A maƙale shi tukuna ba walda, a rataya ƙofa, a buɗe a rufe, a tabbata tazararta ɗaya ce daga sama har ƙasa. Abin da aka liƙa a karkace, guduma ba ta miƙe shi. Bakin sabo ya haɗu da bakin tsoho, domin in ɗaya ya hau ɗaya ruwa zai kwanta a tsakani. Waldar kuma ɗigo-ɗigo ake yi, nan ɗaya can ɗaya, ana barin wurin ya huce. In aka ja ta a miƙe, zafi zai murɗe farantin. Kafin a kunna wuta, a cire kan batir, da kujeru da shimfiɗa, da tankin mai in yana kusa.

An gama walda, saura bayan facin, inda ido ba ya gani. A shafa masa jan fenti mai hana tsatsa, a toshe bakin haɗin, a buɗe ƙananan ramukan da ruwa ke fita ta ƙasan ƙofa.

Kai mai mota, ka yi sharaɗi da mai walda tun ranar ciniki cewa sai ka ga aikin ciki da waje kafin fenti ya hau. Mai aikin kirki ba zai ƙi ba. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.