Wa Zai Karanta Littafin Jininmu?

'Yan'uwana ɗalibai, da ku ma'aikata matasa da kuka bar makaranta jiya-jiya, ina da ƙara a kanku, kuma ba zan ɓoye ta ba. Duk shekara ɗaruruwanmu na kammala digiri a fannin nazarin halittu, da haɗa magunguna, da lissafi, da ilimin kwamfuta. Ana gama bautar ƙasa sai kowa ya ɗauki takardunsa ya nufi ma'aikatu yana neman kujera da fanka. Ƙalilan ne ke waiwayen digiri na biyu ko na uku a fannin da yau duniya ke ribibinsa, wato ilimin kundin gado, wanda Turawa ke kira jinomiks, da abokin tafiyarsa bayo'infomatiks, wato tantance bayanan halitta da kwamfuta.

Kowane ɗan Adam yana ɗauke da wani kundi a cikin ƙwayoyin jikinsa, rubutacce da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, masu yawan kimanin biliyan 3. An fara aikin karanta wannan kundi a 1990, aka kammala a 2003, bayan an kashe dalar Amurka kusan biliyan 3. Yau ana karanta na mutum guda da kuɗin da bai kai dala 1,000 ba. Karantawa ta yi sauƙi. Wahalar ta koma wajen fassarawa, kuma wannan aikin mai kwamfuta ne da ya san lissafi ya kuma san halitta.

To, kundin wa ake karantawa? Wani nazari da aka buga a 2016 ya nuna cewa kashi 81 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, masu asalin Afirka kuwa kimanin kashi 3 ne. Alhali masana sun haɗu a kan cewa babu nahiyar da ta kai Afirka bambancin ƙwayoyin gado. A 2020 masu binciken shirin H3Africa suka karanta kundin mutum 426 daga ƙabilu 50, har da Birom na Filato, suka tarar da bambance-bambance fiye da miliyan 3 waɗanda ba a taɓa rubuta su ba. Ma'anar wannan ita ce, ana auna magani da gwajin cuta a jikin wasu, sa'an nan a kawo mana mu sha. Wanda aka ɗinka wa riga ba a gwada shi ba, kada ya yi mamaki in ta matse shi.

Ku dubi amosanin jini, wato sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo a Nijeriya kowace shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Sanadinsa harafi ɗaya ne tak da ya sauya, T ya zauna a mazaunin A, a ƙwayar gadon da ke sarrafa jan jini. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, magani mai gyara ƙwayar gado, aka sa masa farashin dala miliyan 2.2 a Amurka. Ku gaya mini, wace uwa ce a Gumel ko Yauri za ta iya wannan? In ba mu da masananmu da za su nemo hanya mai araha daidai da jinin mutanenmu, sai mu ci gaba da binne 'ya'yanmu muna karanta labarin waraka a jaridun wasu.

Na san abin da malalata za su ce: babu wuta, babu kayan aiki, wannan ilimi na masu kuɗi ne. Ƙorafin wuta gaskiya ne, ban musa ba. Amma a watan Maris na 2020, kundin ƙwayar cutar korona na farko da aka karanta a duk faɗin Afirka a Nijeriya aka karanta shi, a cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi. Wutar Ede ba ta fi ta Zariya ba. A 2015 an yi amfani da wata 'yar na'ura mai suna MinION, wadda za ta shiga aljihu, wajen bin sawun cutar Ebola a Gini. A Nuwamban 2021 masanan Botswana da Afirka ta Kudu ne suka fara sanar da duniya bayyanar nau'in Omicron. Rumbunan bayanai irin su GenBank a buɗe suke kyauta ga kowa, haka ma harsunan kwamfuta irin su Python da R. Ɗalibin da ke da ƙaramar kwamfuta da intanet zai iya fara aiki gobe. Wanda ya ƙwana yana kallon ƙwallo a waya ba shi da bakin cewa ba shi da data.

Kuma kada ɗan manomi ya zaci wannan magana ta likitoci ce kaɗai. An karanta kundin dawa a 2009, na gero a 2017, na wake a 2019. Wannan abincinmu ne, amma mutum nawa daga cikinmu suka taɓa buɗe waɗannan bayanai su nemi ƙwayar da ke sa gero jure fari, ko wadda ke kare dawa daga wuta-wuta? Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin wake mai jure tsutsa, SAMPEA 20-T, a 2019. Ana ta gardama a kansa a kasuwa da masallaci, masu goyon baya da masu suka, amma 'yan kaɗan ne a cikinmu za su iya zama su duba hujjar kowane ɓangare da idon sani.

Akwai kuma batun mutunci. Ba mu manta da 1996 ba, lokacin da aka gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau. Al'ummar da ba ta da masanan da za su zauna a kwamitin amincewa da bincike, su karanta takarda su ce a'a, ita ce ake ɗibar jininta a sa a jirgi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ina kira ga hukumomin jami'o'inmu su daina raba ɗalibin halitta da ɗalibin kwamfuta kamar masu gaba. A buɗe digiri na biyu na haɗin gwiwa tsakanin sassan biyu. Ina kira ga gwamnatocin jihohi, masu kuɗin sayen motocin alfarma, su ware gurbin karatu na musamman a wannan fanni, da sharaɗin wanda aka ɗauki nauyinsa ya dawo ya koyar. Kuɗin waje ba abin jingina ba ne: shirin H3Africa, wanda Amurka da gidauniyar Wellcome ta Ingila suka ɗauki nauyinsa, ya cika shekarunsa goma ya kare a 2022. Ƙungiyarmu ta ɗalibai kuma ta rage kuɗin liyafar ƙarshen shekara, ta shirya ajin koyon Python da ƙididdiga kowace Asabar.

Ku kuma 'yan'uwana, musamman 'yan'uwa mata da ake ce wa digiri ɗaya ya isa, ku nemi fom, ku rubuta wa malamai a cibiyoyin da ke Zariya da Kano da Ede da Bamako, ku jure wahalar shekara biyu ko huɗu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In muka ƙi hawa mu gyara, wani zai hau, kuma shi zai yanka mana farashi.