Jama'ar Kano, Keke Ya Dawo Titi: Mu Tashi Mu Tsare Ran Mai Hawansa



Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan nesa. Kuɗin ɗan sahu ya tashi, kuɗin bas ya tashi, abin da ke shiga aljihu kuwa bai bi su da wannan saurin ba. Sai jama'a suka shiga ɗakin shirgi suka jawo kekunan da suka shekara a jingine, aka kai wa mai gyara ya sa taya da sarƙa. Yau in ka tsaya a Titin Zariya ko na Katsina da sassafe, za ka ga malamin makaranta da tela da ɗalibi da mai kai biredi shaguna, kowa yana taka feda zuwa neman halak ɗinsa.

Babu abin kunya a cikin wannan. Kano garin keke ne tun zamanin kakanni: ƙasa ce shimfiɗaɗɗa, in ka cire Dala da Goron Dutse da wuya ka gamu da hawan da zai sauke ka. A garin nan kamfanin Raleigh ya taɓa kafa masana'antarsa. Dattawanmu suna tuna lokacin En'e, sa'ad da mai keke ke yankar lasin, ɗan doka kuma ya kama duk wanda ya hau da dare ba fitila. Abin da ya faru shi ne keken ya dawo, ƙa'idar da aka san shi da ita kuwa ba ta biyo shi ba. Kuma titin da ya dawo ya tarar ba shi ne wanda ya bari ba. Bayan hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, 'yan sahu suka cika gari. An gina gadojin sama da na ƙasa a Ƙofar Nassarawa da Dangi da Kabuga da Hotoro, duk da lissafin mota aka tsara su. Mai keke yana tsakanin tirela da tifa da bas da kurar mai ga-ruwa, ba ƙarfen da ya kewaye shi, jikinsa ne bodinsa.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. In aka yi la'akari da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asarar rai a titi. Mu ba ma buƙatar rahoto kafin mu yarda. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya sashen gaggawa na Asibitin Murtala, ko Asibitin Ƙashi na Dala, ya ga abin da titi ke yi wa ƙafa da ƙugu da kai. Ajali na Allah ne, babu mai ja. To amma shi Allahn ne ya umarce mu da riƙo da sababi, kuma bai halatta mana mu jefa kanmu ko wasu cikin halaka ba.

Ya kai mai keke, da kai za mu fara.

Ka sani kekenka abin hawa ne a idon doka, littafin ƙa'idojin hanya na ƙasa ma ya ware maka sashenka. Tun watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma wannan hukunci ya hau kanka kamar yadda ya hau kan mai mota. Bar bin hannun da ba naka ba da sunan wai kana son ka riƙa ganin abin da ke tahowa. Direban da zai fito daga lungu ya hau babban titi, hagunsa yake kallo, don ta nan motoci ke zuwa. In ka ɓullo masa ta dama, ba zai gan ka ba sai ya ji ƙara. Bugu da ƙari, in kun yi gaba da gaba, gudunka da nasa haɗuwa suke yi su zama ƙarfin bugu guda.

In danja ta nuna ja, kai ma da kai take. In za ka karya kwana, waiwaya tukuna, sannan ka miƙa hannun da ke ɓangaren da za ka bi, tun da sauran tazara. A babban shataletale ko mahaɗar da ta rikice, sauka ka tura kekenka ka tsallaka da ƙafa. Minti biyun da za ka ƙara ba za su hana ka cin kasuwa ba. In kuna tafe ku biyu ko uku, ku bi sahu ɗaya, hira ta jira a isa. Cire abin sauraro daga kunnenka, mayar da waya aljihu, don kunnen mai keke shi ne madubinsa na baya.

Abu biyu sun fi komai saurin kisa, ka riƙe su da kyau. Na farko, kada ka kuskura ka kutsa tsakanin babbar mota da gefen titi, musamman dab da kwana. Sitiyarin motocinmu a hagu yake, direban tirela ba ya ganin abin da ke ƙasan ƙofarsa ta dama, kuma in ya juya, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yankowa ciki suke yi su murƙushe abin da ke wurin. In ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, to shi ma bai gan ka ba. Tsaya a bayansa ya wuce. Na biyu, kada ka kama jikin tifa ko ɗan sahu don ya ja ka. Taka birki ɗaya ko rami ɗaya ya isa ya jefa ka ƙarƙashin wanda ke biye. Haka nan in za ka wuce motocin da ke fake, ba su tazarar kamar mita guda, saboda ƙofar da aka buɗe ba zato tana wurga mai keke tsakiyar titi.

Sai kayan da ya wajaba keke ya samu. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda ƙasashe da dama ke aiki da ita, ta ambaci kaɗan ne: birki mai ci, ƙararrawa da ake ji daga nesa, farar fitila a gaba, jar fitila da jan abin ƙyalli a baya. Ka duba naka yau. Nawa ne a garin nan ke tsayar da keke da goga silifa a taya? Birkin gaba shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, na baya yana daidaita ka. Ɗaya ba ya wadatarwa ba ɗaya. Da damina kuma, in ƙarfen taya ya jiƙe, robar birki sai ta zame kafin ta kama, don haka rage gudu ka fara matsawa da wuri. Fitilar caji ta cika kasuwa yanzu, kuɗinta bai kai na hoton ƙashi ɗaya a asibiti ba. Da almuru, da fitowar asuba, da kwanakin hazo, da unguwar da fitilun titi suka mutu, mai baƙar riga a kan keke mara fitila ba ya ganuwa sai an iso kansa. Sa tufa mai haske. Tattare babbar riga ko jallabiya ko bakin wando kada sarƙa ta cafke. Hular kwano kuma a daina yi mata dariya: karayar hannu tana ɗoruwa, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da maɗori.

Kaya ma da iyakarsa. Wanda ya ɗaura buhu uku a kariya har tayar gaba tana ɗagawa, ko ya gicciya rodi ko katako ya tare rabin titi, ya sa kansa da na bayansa a hatsari. Ɗaure kaya tamau, raba nauyi dama da hagu, abin da ya fi ƙarfin keke a ba mai baro ko amalanke.

Ya ku iyaye, wannan taku ce. Muna saya wa yaro keke don ya je boko da Islamiyya, mu ce Allah ya kiyaye, shi ke nan. Wa ya koya masa hannu? Wa ya taɓa bin sa ya ga hanyar da yake bi? Kafin ka bar ɗanka ya hau babban titi, fita da shi ranar da ba makaranta, nuna masa inda zai sauka ya tura, zaɓa masa hanyar cikin unguwa ko da ta fi nisa. Kada a ba shi keken da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa a kai. Ku hana goyon biyu da uku, ɗaya a kan ƙarfen gaba, ɗaya a tsaye a baya. In za a goya ƙaramin yaro, a yi masa wurin ɗora ƙafa, don diddigen da ya shiga cikin wayoyin taya rauni ne mai wuyar warkewa. Masu ba da hayar keke a unguwanni, ku ji tsoron Allah, kada ku miƙa wa ɗan mutane keken da ba birki saboda 'yan canji. Masu gyara da masu faci, kun fi kowa sanin lafiyar kekunan garin nan. Duk wanda ya kawo faci, ku matsa birkinsa ku gaya masa gaskiya kafin ya tafi.

Ya ku direbobin mota da 'yan sahu da masu babur, mutumin nan da kuke matse wa a gefen kwata mahaifin wani ne, ɗan wata ne. Dokar ƙasa ta ƙayyade gudun cikin gari a kilomita 50 a awa, kusa da makaranta da kasuwa kuwa hankali ya ce a yi ƙasa da haka sosai. In za ka wuce mai keke, ba shi fili, kada ka danna masa hon a kunne ya firgita ya karkace. Ɗan sahu, kafin ka faɗa gefe don ka hango fasinja, dubi madubi. Mai mota, kafin ka buɗe ƙofa, waiwaya. A 2001 ministan sufuri na ƙasa, Ojo Maduekwe, wanda ke kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, mota ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan kekensa. In haka ta samu minista, ina ga leburan da ba wanda zai tambayi labarinsa?

Sai maganar ajiyewa, wadda muka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Je ka bakin masallacin Juma'a, ko Kantin Kwari, ko Singa, ko ƙofar wata makaranta: kekuna a zube a bakin ƙofa, a kan hanyar masu tafiya a ƙasa, wani a kwance a bakin kwalbati. Makaho da sandarsa, da gurgu a kan kekensa, da tsohuwa, da mai ɗauke da kaya, dole su sauka kan kwalta su yi gogayya da motoci. Malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. To mene ne hukuncin wanda ya kawo shi ya ajiye? Kada ka toshe ƙofar gida ko ta shago, ko bakin lungu, ko hanyar shiga asibiti. Jingina kekenka a gefe, a jere da na 'yan uwanka. Zura sarƙa ta cikin gangar jikin keken da tayar baya, ka haɗa da ƙarfen da ke kafe a ƙasa, ka sa kwaɗo mai kyau. Wanda ya kulle taya kaɗai, ɗauka ake yi a saɓa a kafaɗa. Rubuta lambar da aka buga a jikin ƙarfen keken ka adana tare da rasit. Kada ka sayi keken da mai shi ke sauri kuma farashinsa ya faɗi warwas, don mai sayen kayan sata shi ke raya sana'ar ɓarawo.

Kwamitocin masallatai, shugabannin kasuwa, hedimastoci, masu bankuna da asibitoci: ku ware wurin keke. Filin da mota ɗaya ke cinyewa yana ɗaukar kekuna takwas zuwa goma. Bututun ƙarfe ne kawai da siminti, kowane mai walda a unguwa zai haɗa shi a yini ɗaya. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana, ga ta nan a ƙofar masallacin unguwarsu.

Hukuma kuma, ba za mu ƙyale ku ba. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora lasin keke da baro da amalanke a wuyan ƙananan hukumomi. Ke nan Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso suna da hurumi a wannan magana. Kada hurumin ya zama sabuwar ƙofar tatsar talakan da tsada ta kora kan keke. Ku yi amfani da shi ku fitar da ƙa'ida a rubuce da Hausa da ajami, a karanta a rediyo, a manna a tashoshi da makarantu. Hukumar kula da zirga-zirga a titunan Kano, KAROTA, da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda ke aiki tun 1988, ku fara da koyarwa kafin kamu, kuma ku hukunta mai motar da ya ture mai keke kamar yadda za ku yi in babbar mota ya buga. Ma'aikatar ayyuka, duk sabon titin da za a shimfiɗa a bar wa keke layinsa, a raba shi da dakali, a rufe ramuka da bakin kwatocin da aka sace murafensu, a gyara fitilu.

Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya. Kafin ta zagayo, kowace unguwa ta yi abin da za ta nuna. Mai unguwa ya tara matasa da masu gyaran keke a ƙofar gidansa a duba birki da fitila kyauta. Liman ya ba haƙƙin hanya huɗuba guda. Malamin aji ya fito da yara fili ya koya musu miƙa hannu da tsayawa. Ƙungiyar 'yan sahu ta ja kunnen mambobinta. A haddace lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, 122, a kuma daina tsayawa ɗaukar hoton wanda ya faɗi maimakon kai shi asibiti.

Kai kuma da ke karanta wannan, kada ka jira taro. Tashi yanzu ka matsa birkin keken da ke gidanku. In bai ci ba, kada kowa ya hau shi gobe sai an gyara. Ka karanta wa maƙwabcinka wannan kira, ka kai shi majalisarku, ka tambayi kansilanku me ya shirya. Allah ya tsare mu da iyalanmu a fita da dawowa, ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu. Amin.